Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Likitoci, Ma'aikatan Jinya da Ungozomomi: Ku Riƙa Leƙa Bakin Majinyatanku

Assalamu alaikum, 'yan uwa abokan aiki.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu aikin haƙori ne, kuma mun rubuto muku ne kan ciwon dasashi da mutanen da ya fi yi wa ɓarna. Dalilin da ya sa muka nufo ku shi ne, yawancin waɗannan mutane ta ɗakunanku suke bi shekara da shekaru kafin su iso kujerarmu. Mai ciwon suga yana zuwa muku a kai a kai, mai juna biyu tana zuwa awo, mai hawan jini da mai farfaɗiya suna zuwa karɓar magani. Ranar da suka zo mana kuwa, sau da yawa haƙori ya riga ya fara girgiɗi, ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye, kuma ƙashin da ya tafi ta wannan hanya da wuya ya dawo yadda yake. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya suna fama da ciwon dasashi mai tsanani, wato fiye da mutum biliyan ɗaya. Likitocin haƙori kaɗai ba za su iya gano wannan jama'a a kan lokaci ba.

Bari mu fara da yadda wurin yake, domin a kansa sauran maganar za ta zauna. Haƙori yana rataye ne a cikin ƙashin muƙamuƙi da wasu siraran zaruruwa da suka ɗaure saiwarsa ta kowane gefe, dasashi kuma ya zagaye wuyansa ya rufe. Tsakanin dasashi da haƙori akwai ɗan lungu wanda zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne a baki mai lafiya. A nan dauɗa ke taruwa, farin yauƙin nan da ke komawa kan haƙori sa'o'i kaɗan bayan an goge shi, wanda a haƙiƙa tarin bakteriya ne da suka yi gari suka manne wa juna. Idan aka bar shi, ma'adanan da ke cikin miyau suna daskarar da shi ya zama kamar dutse, kuma daga nan buroshi ya daina iya cire shi.

A shekarar 1965, Harald Löe da abokan aikinsa a Denmak sun sa mutane masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da suka koma gogewa, kumburin ya lafa cikin kimanin mako guda. Wannan shi ne matakin farko, kuma kowa na iya shiga cikinsa: dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya yi jini idan an taɓa, amma zaruruwa da ƙashi suna nan daram. Mataki na biyu shi ne wanda ke cin ƙashi, lungun nan ya zurfafa ya zama rami mai milimita 4, 6 ko fiye, kuma a nan ne mutane suka rarrabu. Löe ɗin nan ya bi diddigin ma'aikatan gonakin shayi 480 a Siri Lanka na tsawon shekara 15, mutanen da ba su taɓa ganin likitan haƙori ba kuma kusan dukkansu dauɗa ta cika musu baki. Sakamakon da ya fito a 1986 ya nuna cewa kashi 8 cikin 100 ƙashinsu ya zube da sauri har wasu suka rasa haƙoransu tun suna da sauran ƙuruciya, kashi 81 ciwon ya ci su a hankali, kashi 11 kuwa bai wuce kumburin dasashi ba. Aikinsu ɗaya, zamansu ɗaya, dattin bakinsu ɗaya, amma ƙarshensu ya sha bamban.

Abin da ya raba su yana cikin jikinsu. Bakteriya ne ke tsokanar faɗan, amma mafi yawan ɓarnar garkuwar jikin mutum ce ke yin ta da hannunta. Fararen ƙwayoyin jini suna kwarara zuwa lungun dasashi, suna sakin sinadaran da ke narkar da zaruruwa, suna kuma aika saƙon da ke tayar da ƙwayoyin da aikinsu cin ƙashi ne. A jikin wasu, wannan martani daidai gwargwado yake, ya tare cutar ya tsaya. A jikin wasu kuwa ya wuce kima, tamkar wanda ya cinna wa rumbunsa wuta don ya kashe ɓera. Akwai kuma waɗanda martaninsu ya yi rauni har bakteriya ke ratsawa ba mai tare su. Da ramin ya zurfafa, iska ta daina shiga, sai ire-iren bakteriyar da ba sa son iska, kamar Porphyromonas gingivalis, su samu wurin zama su ƙara rura wutar. Shi ya sa muke roƙonku ku daina sallamar mai jinin dasashi da cewa ƙazanta ce kawai. Wani yana goge bakinsa fiye da kowa a gidansu kuma shi ne haƙoransa ke girgiɗi. Idan aka kunyata shi, ba zai sake ɗaga maganar ba.

Gado yana da hannu babba. Binciken da aka yi kan tagwaye a Amurka ya nuna cewa kusan rabin bambancin da ke tsakanin manya wajen kamuwa da wannan ciwo daga halitta yake. Babu gwajin jini da za ku aika a yi don gano wannan, kuma ba a bukatarsa, domin tambaya ɗaya ta wadatar: iyayenka ko 'yan uwanka akwai wanda haƙoransa suka yi girgiɗi suka zube da kansu tun bai tsufa ba? A lura, muna nufin haƙoran da suka zube ba tare da sun ruɓe ba. Idan amsar e ce, to wannan mutum yana bukatar a auna masa dasashi ko da bakinsa tas yake.

Akwai wani nau'i da ke kama matasa daga lokacin balaga, wanda yakan zaɓi haƙoran gaba da turamen farko na dindindin, waɗanda suka fito a wajen shekara shida. Bakin yaron yakan kasance da tsafta, dasashin ma ba ya nuna wani ja sosai, amma hoton ƙashi ya nuna rami mai zurfi a gefen saiwa. Alamar da iyaye ke fara gani ita ce wushirya ta buɗe a inda babu ita a da, ko haƙorin gaba ya ɗan turo waje. Wani reshe na bakteriyar Aggregatibacter, wanda ake kira JP2, yana da alaƙa mai ƙarfi da wannan nau'i, kuma an fi samunsa a mutanen da asalinsu arewaci da yammacin Afirka ne. Binciken da aka buga a 2008 kan matasa a Maroko ya gano cewa masu ɗauke da shi sun ninka waɗanda ba su da shi kusan sau 18 wajen haɗarin fara zaizayar ƙashi cikin shekara biyu. Idan kun ga ɗaya, ku ce a kawo 'yan uwansa ma.

Ga masu kula da ƙananan yara, haƙoran nono da suka yi girgiɗi suka zube tun yaro yana shekara uku ko huɗu, tare da dasashi ja mai kumburi, abu ne da ke bukatar gwajin jini. Ƙarancin fararen ƙwayoyin jini yana kawo haka, haka ma wasu cututtukan gado da ke hana su aiki. Ku duba tafin hannu da tafin ƙafar yaron, domin idan fatar wurin ta yi kauri tana tsagewa, wannan na nuni ga cutar gadon da ake kira Papillon-Lefèvre. Yara masu larurar Down su ma ciwon dasashi yana kama su da wuri kuma yana saurin ci.

Yanzu ga maganar da ta fi damunmu, wato ciwon suga. Tun 1993 aka fara kiran ciwon dasashi illa ta shida ta ciwon suga, bayan ta ido, ƙoda, jijiyoyi, manyan hanyoyin jini da rashin warkewar rauni, amma har yau da wuya a ga bakin majinyaci a cikin jerin abubuwan da ake dubawa a asibitin masu suga. Ana duba ƙafa, ana aikawa a duba ido, ana gwada fitsari, baki kuwa shiru. Dogon binciken da aka yi a kan al'ummar Pima a jihar Arizona ta Amurka ya nuna cewa masu suga sun ninka sauran kusan sau uku wajen haɗarin ciwon dasashi mai cin ƙashi. Yadda abin ke faruwa a fili yake. Sukarin da ya yi yawa a jini yana manne wa sunadaran jiki, ya sa zaruruwan dasashi su yi tauri su kasa sabuntuwa. Yana kassara fararen ƙwayoyin da ke zuwa da farko, yana kuma sa na bayansu su zuba sinadaran kumburi fiye da kima. Ƙananan hanyoyin jini suna kauri, raunin da ya kamata ya rufe cikin kwanaki ya ɗauki makonni. Ga kuma bushewar baki da ke rage wankin da miyau ke yi.

Abin da ya sa wannan ya shafe ku kai tsaye shi ne, hanyar tana da zuwa da dawowa. Cikin kowane rami mai zurfi akwai ɗan gyambo da ba a gani, kuma idan ramukan sun zagaye haƙora ashirin ko fiye, to mutum yana yawo ne da buɗaɗɗen rauni dare da rana, yana zuba bakteriya da sinadaran kumburi cikin jini. Wannan yana ƙara wa jiki taurin kai ga insulin. Nazarin ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya na 2022, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya gano cewa wanke ƙarƙashin dasashi yana rage HbA1c, wato gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya, da kimanin ɗigo 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu. Kun fi mu sanin darajar wannan adadi, kuma an same shi ba tare da ƙara ƙwaya ko ɗaya ba. Don haka majinyacin da kuka yi ta ƙara masa magani sukarinsa ya ƙi sauka, ku buɗe bakinsa. Mu ma a namu ɓangaren, idan muka ga babba yana yawan yin ƙurji mai mugunya a dasashi, wannan ya warke wancan ya taso, mukan tura shi a gwada masa suga, kuma ba sau ɗaya ba ake samun ciwon da shi kansa bai san yana da shi ba. Wanda sukarinsa ke daidai kuwa, dasashinsa yana amsa magani kusan kamar na kowa. Wannan albishir ne da ya kamata ku riƙa faɗa musu.

Taba sigari ita ce ta biyu, kuma ta fi yaudara. Nikotin yana matse ƙananan hanyoyin jini, don haka dasashin mai shan taba yakan yi fari-fari, ya yi tauri, kuma ba ya jini idan ya goge. Shi a ganinsa lafiya lau yake, alhali a ƙarƙashi ƙashi na tafiya, musamman a bayan haƙoran sama ta wajen ganɗa. Babban binciken lafiyar jama'a na Amurka da aka buga sakamakonsa a 2000 ya nuna cewa masu shan taba sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau huɗu, kuma an danganta kusan rabin masu ciwon a can da taba. Haɗarin yana hawa da yawan karan da ake sha a rana. Aikinmu ma ba ya kama su yadda ya kamata: ramukan ba sa rufewa sosai bayan wanki, tiyatar dasashi ba ta warkewa da kyau, haƙorin da aka dasa ya fi saurin faɗuwa. Wani abu da ke mayar da mutane baya shi ne, makonni kaɗan bayan barin taba dasashi yakan fara jini, sai mutum ya ɗauka barin ne ya jawo masa ciwo. Ku gargaɗe shi tun kafin ya bari cewa jinin zai zo, kuma alama ce ta jini ya dawo gudana yana tona ciwon da ke ɓoye. Amfanin bari yana farawa nan take wajen warkewa, ko da yake haɗarin yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya kusanci na wanda bai taɓa sha ba.

Waɗannan biyun suna da nauyi har a yadda muke rubuta cutar. Tsarin da ƙwararru suka amince da shi a taron Shikago na 2017 ya raba ciwon mai cin ƙashi zuwa mataki huɗu bisa yawan ɓarnar da aka riga aka yi, da daraja uku, A, B da C, bisa saurin tafiyarsa. Mukan ɗauki kason ƙashin da ya zaizaye a haƙorin da ya fi lalacewa mu raba da shekarun mutum. Ɗan shekara 70 da ya rasa kashi 40 cikin 100 na ƙashi yana da 0.57, daraja B ke nan. Ɗan shekara 30 da ya rasa wannan adadi yana da 1.3, daraja C, kuma shi ne zai rasa haƙoransa idan ba a tashi tsaye ba. Shan kara 10 ko fiye a rana, ko HbA1c na 7 ko sama da haka ga mai suga, kowannensu yana tura mutum daraja C. Kun ga ke nan ba za mu iya kammala rubuta cutar mai suga ba sai da lambar da ke cikin fayil ɗinku.

Sai magungunan da kuke rubutawa. Uku ne suka shahara wajen sa dasashi ya yi girma ya hau kan haƙori: fenitoyin na farfaɗiya, wanda kusan rabin masu shansa ke samun haka, sai sikulosforin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, sai magungunan hawan jini irin nifedifin da amlodifin, na farkon ya fi na biyun. Girman yakan fara ne cikin watanni ukun farko, daga ɗan tsinin naman da ke tsakanin haƙoran gaba, ya yi gudaji-gudaji. Maganin ne ke sa ƙwayoyin dasashi su tara nama, dauɗa kuma tana ƙara abin, sannan naman da ya tashi ya hana gogewa, sai abu ya yi ta zagayawa. Mafi sauƙi shi ne a wanke wa mutum haƙora kafin ya fara irin wannan magani ko a makonnin farko. Idan girman ya riga ya faru, ku duba ko akwai halin sauya maganin zuwa wani rukuni, domin hukuncin naku ne, mu ba ma dakatar da maganin kowa. Sau da yawa sauyi da wanki suna sa naman ya koma cikin 'yan watanni. Idan muka yanke naman alhali maganin da dauɗar suna nan, zai sake tsirowa.

Akwai kuma masu busar da baki, irin su amitiriftilin, magungunan sa fitsari da wasu na mura da ƙaiƙayi. Tsohon da ke shan ƙwayoyi biyar ko shida kusan kullum bakinsa a bushe yake, kuma ba zai faɗa ba sai an tambaye shi. Game da masu shan maganin tsinka jini, muna roƙo kada a ce su dakatar da shi don za su zo wankin haƙori. Ga mai shan warfarin, sakamakon kwanan nan na INR, wato gwajin saurin daskarewar jini, ya ishe mu, sauran kuma muna da hanyoyin tsayar da jini a wurin.

Ungozomomi, ga taku. Sinadaran juna biyu, musamman furojestaron, suna buɗa hanyoyin jinin dasashi su sa shi ya mayar da martani mai zafi ga dauɗar da a da ba ta dame shi ba. Kumburin yakan soma daga wata na biyu, ya kai ƙololuwa wajen wata na takwas, ya sauka bayan haihuwa. Wasu matan wani jan tsiro mai saurin jini yakan fito musu tsakanin haƙora biyu. Ba sankara ba ce, kuma yawanci yakan motse bayan an sauka, sai dai idan yana hana cin abinci ko jinin ya yi yawa mu cire shi. Cikin ba ya zare wa uwa sinadarin ƙashi daga haƙoranta kamar yadda ake yawan faɗa. Abin da ke faruwa shi ne laulayi da amai suna sa ta guje wa buroshi a daidai lokacin da dasashinta ya fi bukatarsa. Ku ce ta kurkure da ruwa bayan amai, ta jira kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ta goge, ta nemi buroshi mai ƙaramin kai. Wankin haƙori ba shi da haɗari ga ciki, allurar kashe zafi ta lidoken ma haka, kuma watanni uku na tsakiya sun fi daɗin zama a kujera. An ga alaƙa tsakanin ciwon dasashi da haihuwar bakwaini, amma manyan gwaje-gwaje ba su nuna cewa wankin yana hana ta ba, don haka kada a yi wa mace wannan alkawari. Lafiyar bakinta kaɗai ta isa dalili.

Wasu alamomin ba sa jira. Dasashin da ke ciwo mai tsanani, tsinin namansa ya ruɓe ya yi toka-toka kamar an gutsure, da wari mai ƙarfi da zazzaɓi, yana nuna garkuwar jiki ta faɗi. Ana ganinsa a masu cuta mai karya garkuwar jiki da ba sa kan magani, da masu tamowa, da matasan da damuwa, rashin barci da taba suka haɗu musu, har ma an san shi a sojojin da suka yi zaman ramukan yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ƙaramin yaro mai tamowa, musamman bayan ƙyanda, wannan ruɓa na iya ratsa kumatu cikin kwanaki ta cinye fuska, wato cutar noma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023. Irin wannan a fara magani a ranar, a turo a ranar. Haka nan dasashin da ya kumbura baki ɗaya cikin makonni kaɗan, yana jini da kansa ba a taɓa shi ba, ga mutum ya yi fari, ga tabon jini a fata, wannan gwajin ƙidayar jini yake bukata kafin komai, saboda sankarar jini takan fara bayyana a baki. Ƙarancin bitamin C mai tsanani ma yana sa dasashi ya yi taushi ya yi ta jini.

Akwai ƙananan dalilai na cikin baki da ke sa wani wuri ya fi wani lalacewa, kamar haƙoran da suka hau juna, cikon da bakinsa ya zarce, haƙoran roba da ba su zauna daidai ba, da numfashi ta baki mai busar da dasashin gaba. Waɗannan namu ne, ku bar mana su.

Abin da muke nema a gare ku bai fi minti biyu ba. Ku tambayi majinyaci ko dasashinsa na jini idan yana gogewa, ko wani haƙori ya yi girgiɗi ko ya sauya wuri, ko an taɓa yi masa maganar warin baki. Kada ku tsaya kan tambayar ciwo, domin wannan cuta ba ta ciwo sai ta yi nisa, shi ya sa ake makara. Sannan ku sa safar hannu, ku haska fitila, ku ɗaga leɓen sama ku ja na ƙasa. Lafiyayyen dasashi yana da ƙarfi, bakinsa siriri ne, ya rungumi haƙori. Launi kaɗai ba ya isa hukunci, domin mutane da yawa dasashinsu baƙi ne ko ruwan ƙasa tun haihuwa kuma lafiyarsa ƙalau. Ku nemi kumburi da sheƙi, da baki mai kauri kamar an naɗe shi, da saiwar da ta fito fili har haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, da daskararriyar dauɗa a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Idan kuka danna dasashi a hankali mugunya ta ɓullo ta wuyan haƙori, akwai rami a wurin.

Shawarar da za ku ba su gajeriya ce, amma a faɗe ta daidai. Buroshi mai taushi, sau biyu a rana, minti biyu cikakku, ɗaya daga ciki kafin barci. A karkata gashin buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, kamar digiri 45, a riƙa ƙananan motsi a wurin, ba dirza da ƙarfi daga gefe zuwa gefe ba, domin dirza tana janye dasashi ta kuma ci wuyan haƙori. Man goge baki mai fulorayid, a tofar kada a kurkure. A sauya buroshi duk wata uku ko da zarar gashinsa ya baje. Buroshi ba ya shiga tsakanin haƙora, kuma a nan ciwon ya fi farawa, don haka sau ɗaya a rana a bi tsakanin da ƙaramin buroshin da aka yi don haka, ko zaren haƙori inda wurin ya matse. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya ga jini ya daina taɓa wurin. Ku ce ya ci gaba da gogewa a hankali, jinin zai ragu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan bai ragu ba, akwai abin da buroshi ba zai iya ba.

Abu biyu muke roƙon a rage. Na farko, rubuta maganin kashe bakteriya ga duk mai jinin dasashi. Bakteriyar da suka yi gari a jikin saiwa ƙwaya ba ta ratsa su sai an farfasa garin da ƙarfe, don haka mutum zai ji sauƙi na mako biyu ciwon ya dawo, an kuma ƙara wa ƙwayoyin cuta juriya a banza. Muna ajiye waɗannan magunguna ne don ƙurjin da ya bazu da zazzaɓi, da ruɓar da muka ambata, da wasu matasa masu daraja C, su ma tare da wanki. Na biyu, ruwan kurkure na kuloheksidin. Yana da amfani na mako ɗaya zuwa biyu lokacin da mutum ba zai iya gogewa ba, amma idan aka zarce yana rina haƙora da harshe, ya dusashe ɗanɗano, kuma ba ya kai wa ƙasan rami mai zurfi.

Idan za ku turo, ku rubuta mana cututtukan da yake da su, HbA1c na ƙarshe da ranar da aka yi shi, sunayen magunguna da lokacin da aka fara kowanne, kara nawa yake sha a rana, da watannin ciki idan mai juna biyu ce. Mai suga ya zo da safe, ya ci abincinsa ya sha maganinsa kamar kullum, kada ya zo da yunwa. Mu kuma za mu auna ramuka a wuri shida a kowane haƙori, mu ɗauki hoton ƙashi inda ya dace, mu wanke sama da ƙarƙashin dasashi, mu sake aunawa bayan kamar wata biyu zuwa uku. Ramin da har a lokacin zurfinsa ya kai milimita 6 ko fiye yana iya bukatar tiyata. Wanda ke cikin rukunin haɗari zai riƙa dawo mana duk wata uku, kuma za mu rubuto muku matakinsa da darajarsa domin ku sa a fayil ɗinsa kusa da sakamakon ido da na ƙoda.

Allah Ya taimake mu baki ɗaya a kan wannan aiki.

Naku,
Wasu likitocin haƙori da ma'aikatan kula da lafiyar baki